Gari da gari, kuka da kuka: shin kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu?

Wata malamar makarantar firamare ta aiko da tambaya cewa ɗalibanta sun tsare ta a aji suna son sanin dalilin da ya sa ake rubuta gari na tuwo da gari na mutane iri ɗaya, haka kuma kuka na hawaye da kuka ta miya. Ta ce ta amsa musu da cewa kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu, amma zuciyarta ba ta kwanta da amsar ba, don haka take neman a fayyace mata ko wannan naƙasu ne a harshen Hausa, kuma ko akwai abin da ya kamata a gyara.

Malama, kin yi daidai da zuciyarki ba ta kwanta ba, domin amsar da kika bayar ta dace da wasu kalmomi ƙalilan ne kawai, ba ta dace da waɗanda yaran suka kawo ba. Gari da gari kalmomi biyu ne mabambanta, kuma bakin Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Alƙalami ne ya haɗa su. Idan kika sa yaro ya ce "an ci gari da yaƙi", sannan ya ce "an tankaɗe gari", za ki ji cewa a jimla ta farko ya taƙaita wasalin farko, a ta biyu kuma ya ja shi, kamar an rubuta gaari. Bai koyi wannan a makaranta ba, a nonon uwa ya tsotsa, kuma ba zai yi kuskure a kansa ba ko da an tashe shi daga barci.

Abin da ke faruwa shi ne, Hausa tana bambanta kalmomi da abubuwa uku waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. Na farko tsawon wasali ne, wato ko wasalin dogo ne ko gajere. Na biyu karin sauti ne, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, inda ake da karin sama da karin ƙasa da kuma faɗau, wanda yake farawa sama ya gangaro ƙasa a gaɓa ɗaya. Na uku kuwa harafin r ne, wanda yake wakiltar sautuka biyu.

Gari da gari tsawon wasali ne kaɗai ya raba su, domin karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama. Wuya kuwa akasin haka ne: wasulan wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha iri ɗaya ne, amma na jiki yana farawa sama ya sauka, ta wahala kuma tana farawa ƙasa ta hau. Fari na launi muryarsa a sama take daga farko har ƙarshe, fari na rashin ruwan sama kuwa yana sauka a gaɓar ƙarshe. Kuka da yaran suka kawo ya ma fi yadda suka zata yawa, domin uku ne. Kukan hawaye sama da sama ne da dogayen wasula, itaciyar kuka sama da ƙasa ce da dogayen wasula, sannan ga kuka na cikin "lokacin da kuka zo", wanda wasulansa duka gajeru ne. Shi ya sa za ki iya rubuta musu a allo cewa "da kuka isa gindin kuka kuka ji kuka", ki sa su karanta, za ki ga bayan ɗan tuntuɓe sun furta kowanne da muryarsa ba tare da kin gaya musu komai ba.

Misalin da malaman harshe suka fi so shi ne baba, domin haruffa huɗu ne suke ɗauke da kalmomi huɗu. Akwai baba mahaifi, mai farawa ƙasa ya hau kuma ya ƙare da gajeren wasali. Akwai baba uwa ko gwaggo, mai farawa sama ta sauka. Akwai baba shukar da ake rini da ita, wadda marina irin na Ƙofar Mata a Kano suke jiƙawa a karofi, ita kuwa sama da sama ce. Sannan akwai baba na gidan sarauta, wato namijin da aka dandaƙe, wanda karinsa ɗaya da na mahaifi amma wasalinsa na ƙarshe dogo ne. Dubi yadda jan wasali ɗaya tak ya raba kalmar girmamawa da kalmar da babu wanda zai so a kira shi da ita.

Maganar r ita ce mutane da yawa ba su lura da ita ba, ko da yake suna furta ta daidai kullum. Akwai ra-kaɗe, wanda harshe yake lanƙwashewa baya ya kaɗo sau ɗaya, kamar a cikin rana da ruwa, akwai kuma ra-gare, wanda tsinin harshe yake karkarwa a hanƙa, kamar yadda ake ji a yawancin kalmomin da aka aro daga Larabci da Turanci. Bara na gidan sarki, wato mai hidima, da bara da almajiri yake yi, wasulansu ɗaya, karin sautinsu ɗaya, wannan r ɗin ne kaɗai ya raba su: na farko ra-kaɗe, na biyu ra-gare. Bara ta shekarar da ta wuce kuwa daban take gaba ɗaya, da dogon wasali a farko.

To, me ya sa ba a nuna waɗannan abubuwa a rubutu ba? Wannan shawara ce da aka yanke da gangan, ba mantuwa ba ce. Tun lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912, aka ɗauki wasula biyar na Turawa aka bar su tsirara. Masana sun san da bambancin sarai, domin ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duka sun nuna karin sauti da tsawon wasali, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Amma littattafan karatu da Hukumar Talifi ta buga a Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairun 1939, da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, duk sun tafi a kan cewa wanda ya san harshen ba ya bukatar a yi masa alama a kan kowace gaɓa. A taron masana kan rubutun harsunan Afirka da aka yi a Bamako a 1966 an kawo tsarin ninka wasali don nuna tsawo, kuma an yi aiki da shi na wani lokaci a Nijar, amma taron Yamai na 1980, wanda ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, ya komar da al'amarin ga wasali ɗaya. Abin sha'awa shi ne ajami ya fi boko a wannan fanni guda, domin malamin da yake rubutu da ajami yana da alif da wau da ya da zai ja wasali da su, saboda haka garin tuwo da garin mutane sukan fito daban a takardarsa, ko da yake shi ma ba shi da hanyar nuna karin sauti.

A ganina shawarar da magabata suka yanke tana da hujja mai ƙarfi, domin nahawun Hausa da kansa yana warware yawancin rikicin kafin mai karatu ya ankara. Wuya na jiki namiji ne, shi ya sa ake cewa wuyan riga, wuya ta wahala kuwa mace ce, ana cewa wuyar aiki. Kukan jariri namiji ne, kukar bakin kasuwa mace ce. "Baba ya dawo" da "Baba ta dawo" ba sa bukatar wata alama. Jam'i ma yana taimakawa, domin gari na mutane yana da garuruwa, gado na kwanciya yana da gadaje, alhali garin tuwo ba a yi masa irin wannan jam'i. Wannan ma ya sa a wuraren da bambancin namiji da mace ya yi rauni a magana, kamar Hausar da ake yi a zangunan Ghana, mai karatu ya fi dogara da ma'anar jimla gaba ɗaya.

Duk da haka ba zan ce miki babu matsala ba, domin akwai jimlolin da nahawu ba ya ceton su. Idan aka rubuta "ta bar wa 'yarta gado", babu abin da zai gaya miki ko gadon kwanciya ne ko dukiyar da mamaci ya bari, domin duka biyun maza ne, kuma duka biyun uwa tana iya barin su. A baki babu ruɗani, na kwanciya gajeren wasali ne da murya a sama, na dukiya dogon wasali ne da saukar murya, amma a takarda sai an ƙara wata kalma. Haka "gari ya yi tsada", haka "awaki sun shiga dawa", wanda zai iya zama daji, ya kuma iya zama gonar dawa, kuma tsakanin ma'anonin biyu akwai shari'a a gaban mai unguwa.

Inda abin ya fi damuna kuwa ba a sunaye yake ba, a 'yan ƙananan kalmomin nan ne da suke zuwa kafin aikatau suna nuna lokaci. Ɗauki "ka biya shi". Idan aka ja wasalin ka da murya a sama, ana nufin ka riga ka biya. Idan aka taƙaita shi da murya a ƙasa, umarni ne ake ba ka ka je ka biya. Idan aka taƙaita shi da murya a sama, shi ne na cikin "jiya ne ka biya shi". Idan kuma aka ja shi da faɗau, ana nufin wataƙila nan gaba za ka biya. Ma'anoni huɗu ke nan a rubutu ɗaya, kuma haka abin yake ga ya da ta. Addu'ar da muke yi kullum, "Allah ya ba da lafiya", da ya mai saukar murya ake yin ta, idan aka ja wasalin kuwa ta tashi daga roƙo ta koma labari cewa lafiya ta samu. Na taɓa ganin saƙon waya da wata 'yar'uwa ta aika gida game da mahaifiyarta da ba ta da lafiya, ta rubuta "ta sha maganin da dare". Ita tana nufin a tabbatar an ba ta ta sha, wadda ta karanta kuwa ta fahimci cewa an riga an ba ta, saboda haka aka kwana ba a ba ta maganin ba. Babu wanda ya karya wata ƙa'idar rubutu a cikinsu. A irin wannan wuri wajibi ne marubuci ya ƙara abin da zai rufe ƙofar shakka, ya ce "ta riga ta sha" ko "a ba ta ta sha", kuma wannan darasi ne da ya cancanci a koya wa yara tun suna aji huɗu. Kalmar da ma haka take, akwai da ta haɗi, akwai da ta zamanin da ya shuɗe, akwai da ta "da na sani", shi ya sa marubuta da yawa suke ɗora 'yar hula a kan ta biyu su rubuta dâ, kuma ina goyon bayan wannan al'ada domin alama ɗaya ce a wurin da ake matuƙar bukatarta.

Yanzu sai mu zo kan kalmomin da amsarki ta farko ta dace da su, ko ta kusa dacewa. Akwai waɗanda furucinsu ɗaya ne ta kowace fuska, amma asalinsu daban. Sa na garke da sa na sanya riga duka dogon wasali ne da faɗau, babu kunnen da zai raba su, sai dai jimla. Mafi kyawun misali a wurina shi ne sura. Surar Alƙur'ani da surar mutum, wato siffarsa, kalmomi biyu ne a Larabci, ɗaya da sin take farawa, ɗaya da sadi, amma da yake Hausa ba ta da wannan bambanci na s biyu, sai suka shigo suka zama abu ɗaya a baki da takarda. Aro yakan jawo irin wannan karo sau da yawa. Kwana ta hanya daga Turanci ta zo ta tarar da kwana na barci, gada ta ƙetare kogi ita ma baƙuwa ce da ta tarar da gada ta daji, sai dai waɗannan biyun a rubutu kawai suka haɗu da 'yan gida, a furuci kowacce tana da muryarta.

Sannan akwai kalma ɗaya tilo wadda ma'anarta ta yi rassa, kuma wannan ita ce ainihin kalma ɗaya mai ma'ana da yawa. Rana ta sama ita ce ranar da ake ƙidayawa, domin da fitowarta ake lissafin yini. Wata na sama shi ne watan kalanda, domin da tsayuwarsa ake sanin an shiga sabo. Ƙara da ake ji a kunne ita ce ƙarar da ake kaiwa gaban alƙali, domin mai ƙara kuka yake ɗagawa. Baƙi na launi shi ne baƙi na harafi, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ana fara babbaƙu kafin farfaru, ya kuma ga Alƙur'ani rubutun hannu inda haruffa suke da baƙar tawada, wasula kuma da ja. Aikatau ci ya fi kowa rassa: ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana cin zaɓe, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin sarauta. Hanyar gane wannan rukuni ita ce a tambaya ko akwai zaren da ya ɗaure ma'anonin. Tsakanin rana da rana akwai shi a fili, tsakanin sa na garke da sa na riga kuwa babu, haɗuwa ce kawai ta faru. Ƙamus mai kyau yakan nuna wannan, ya jera rassan kalma ɗaya a ƙarƙashin shigarwa ɗaya, ya ware wa kalmomi mabambanta shigarwa daban-daban.

Akwai rukuni na ƙarshe wanda shi ne ya fi yawa a rubutun da yaranki suke gani a waya, kuma shi ba laifin harshe ba ne, ba kuma laifin ƙa'ida ba ne, sakacinmu ne. Tun shekarun 1930 aka samar wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsu, bayan an daɗe ana fama da ɗigo da waƙafi wajen nuna su, kuma ajami ma ya raba kaf lasan da ƙaf wau, wato haruffansa na k da ƙ, tun kafin nan. Duk wanda ya yar da ƙugiya ya ƙirƙiro tagwayen da babu su a Hausa. Taba da ake sha ta zama ɗaya da taɓa, hadari na damina ya zama ɗaya da haɗarin mota, sabo ya zama saɓo, baki ya haɗiye baƙi na launi da baƙi na masauki, kafa ta haɗu da ƙafa, daka ta haɗu da ɗaka. Kashi da ma kalmomi biyu ne a rubutu, kashi na rabo kamar kashi 10 cikin 100 mai gajeren wasali, da kashi na bayan gida mai dogon wasali, kuma duk mai karanta labarai a rediyo ya san irin hattarar da ake yi da su. Idan aka cire wa ƙashi ƙugiya sai su zama uku. Kasa kuwa ta fi muni, domin akwai kasa ta gazawa, da kasa kaya a kasuwa, da kasa macijiya, sannan a zubo musu ƙasa ta haihuwa da ƙasa kishiyar sama. A da ana kafa hujja da cewa keken rubutu ba shi da waɗannan haruffa, amma yau allon rubutu na Hausa yana nan a wayoyin hannu da kwamfuta, kuma sanya shi bai wuce aikin minti biyu ba.

Rashin raba kalmomi daidai shi ma yana haifar da irin wannan ɓarna. Sunan jaridar nan ta 1939 ya isa misali, domin idan aka haɗe "ta fi" aka rubuta tafi, an kori gaskiya ke nan maimakon a fifita ta, kuma ga tafi na hannu yana jira a gefe. "Na ce" idan aka haɗe ya zama nace na naci. "Ku sa" ya zama kusa, "ko ma" ya zama koma, "ya yi" ya zama yayi. "A kan tebur" da "akan yi haka" abubuwa biyu ne, na farko wuri yake nunawa, na biyu sabo. "Ba ta zo ba" idan aka haɗe aka rubuta bata, a rubutun da ba ya sa ƙugiya, sai ta faɗa cikin ɓata, wadda ita kanta biyu ce, ɓata ta rasa hanya mai gajeren wasali da ɓata ta lalatawa mai dogo.

Game da ko a gyara rubutun, ra'ayina shi ne kada a ɗora wa rubutun yau da kullum alamomin karin sauti a kan kowace gaɓa, domin zai yi wa mai rubutu nauyi, zai cika shafi da ɗige-ɗige, kuma karin sautin wasu kalmomi yana sauyawa daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram, ta yadda za a buɗe sabuwar gardama a kan na wa za a bi. Wurin alamomin nan shi ne ƙamus, da littafin koyar da wanda Hausa ba harshensa ba ne, da nazarin waƙa inda tsawon gaɓa yake da muhimmanci ga ma'auni. A aji kuwa, abin da zan ba ki shawara shi ne ki fara da kunne kafin ido. Ki rubuta kalma ɗaya a allo, misali fito, ki ce kowa ya kawo jimla da ita, za ki ji wani ya kawo fito daga ɗaki, wani fito da baki, wani fiton jirgin ruwa a bakin kogi. Ki sa su maimaita kowacce a hankali, su yi ta da guɗa ko da bugun tebur ba tare da kalmar ba, har su ji da kansu inda murya ta hau da inda ta sauka da inda wasali ya ja. Bayan nan ki raba musu allo gida uku, gidan waɗanda rubutu ya haɗa amma baki ya raba, gidan waɗanda baki ma ya haɗa, da gidan waɗanda ƙugiya ko tazara ce kawai aka manta, ki bar su su riƙa kawo kalmomi daga gida suna zubawa a inda ya dace har ƙarshen zangon karatu.